Tambarin Gidan Kazah

Da na dawo gida bayan shekarun da na yi ina karatu a ƙasar waje, akwai cututtukan da na ɗauka na baro su can. Kitsen jini na cikinsu, wanda likitoci ke kira kolestarol. A can kowa maganarsa yake yi, har jikin kwalin madara ake rubuta shi, masu ƙiba kuma suna ta sassarfa a gefen titi saboda shi. Nan kuwa, a Kafanchan da garuruwan da ke kewaye, mutum zai wuni a gonar citta, ya ci tuwon acca da miyar karkashi, ya kwanta cikinsa a lafe. Ina kitse zai samu wurin zama? Da wata abokiyar aikina a jami'a ta ce ana samunsa a yankinmu, saurarenta kawai na yi don ladabi. Har yau ban san yawan masu shi ba, ban kuma ga wanda ya ƙirga ba. Abin da na sani shi ne labarin gida ɗaya a Fadan Kaje, da matar da ta kusa rasa mazauninta a cikinsa.

Sunanta Milka, amma Maman Hellen ake kiranta. Tana da rumfa a kasuwar Kafanchan inda take sayar da acca da busasshiyar citta da daddawa. Gajeruwa ce, muryarta ƙasa-ƙasa, kuma tana da wata ɗabi'a ta kallon fuskar mutum fiye da yadda aka saba. Ita da mahaifiyata 'yan Zumuntar Mata ɗaya ne, ta nan na san ta.

A Samaru Kataf aka haife ta, ubanta tela. Ta yi sakandare ba ta ƙarasa ba, ta shiga sayar da hatsi tare da uwarta. A wani taron mawaƙan coci ta haɗu da Dickson Kazah, manomin citta daga Fadan Kaje, mai dogon wuya da dariya mai ƙarfi. Da aka kawo ta gidansu ta tarar da mutane masu yaren Jju, ita kuma da Tyap ta tashi. Tana jin abin da suke faɗa, amma da Hausa take mayar musu. Ta haifi Hellen da Nathan a gidan, ta yi jinyar surukarta har ta rasu, duk da haka in magana ta yi zafi “'yar Kataf ɗin nan” ake ce mata.

Mutanen gidan Kazah suna da wani abu da suke alfahari da shi. Mazansu dogaye ne sirara, kuma da yawa daga cikin 'ya'yan gidan, maza da mata, idan sun haura talatin sai wani tabo ya fito musu a fatar ido, kusa da karan hanci, rawaya-rawaya mai laushi, kamar an ɗiga man shanu ya daskare. A agarar ƙafa kuma, bayan diddige, sai wani ƙulli mai tauri. Suna kiransa tambarin gida. Duk wanda nasa ya fito, a taron Kirsimeti za a tashe shi tsaye a tafa masa, a ce yanzu ya tabbata ɗan Kazah, a miƙa masa yankan naman alade mai kitse da ake ware wa manya. Wanda nasa bai fito ba kuwa ya shiga uku da tsiya, a ce a je a tambayi uwarsa.

Shi tsoho Kazah a gona aka tsince shi, fartanya a hannu, yana da shekara hamsin da kaɗan. Aka ce iska ce. Babban ɗansa Christopher, malamin firamare, a gaban allo ya faɗi. Aka ce abokan aiki ne suka yi masa hassada. Saura Dickson da ƙaninsu Bartholomew, wanda kowa ke kira Batho, mai sayen citta a ƙauyuka yana lodawa zuwa Kafanchan.

Dickson ya daɗe yana kukan ulsa. Ƙirjinsa na zafi, sai ya aika kemis a sayo masa farin maganin nan na kwalba, ya kurɓa. Wata safiya a damina ya sha kunun da Milka ta dama masa, ya ɗauki buhun taki, bai kai ƙofar gida ba ya durƙusa. An kai shi wani asibiti a Kafanchan da ransa. Likitar da ta karɓe shi ta duba fatar idonsa, ta sa aka cire masa takalmi ta shafa agararsa, ta ɗebi jini, sannan ta ja Milka gefe ta tambaye ta yadda ubansa da yayansa suka mutu.

Milka ta riƙe bayanin likitar tsaf, ni ma daga baya na bincika na tarar haka yake. Kitsen jini iri-iri ne. Akwai mai liƙewa a bangon jijiyoyi har hanyar jini ta ƙuntace, shi ake kira LDL. Akwai mai kwashe shi ya kai hanta, wato HDL, wanda ake so ya yi yawa. Akwai na uku mai hawa da sauka gwargwadon abin da mutum ya ci ya sha. Na Dickson mai liƙewar ne ya ninka abin da ya kamata, kuma tun haihuwa hantarsa ba ta iya share shi. Tabon ido da ƙullin agara shi ne ya taru har ya nuna a waje. Gado ne, in ji likitar, kowane ɗa na iya ɗauka ko ya tsira, kuma ramar jiki ba ta hana shi. Akwai ƙwayar da ake sha kullum mai sauke shi. Ta ce a kawo 'yan'uwansa da 'ya'yansa a gwada su, kada a jira.

Dickson bai kai ƙarshen makon ba.

Bayan jana'iza ba wanda ya faɗa wa Milka komai a fuska. Amma kular abincin da ta kai wa masu zaman makoki ta dawo mata cike. Aka fara tuna cewa Christopher ma a ɗakinta ya ci tuwo ranar Lahadin da ta gabaci mutuwarsa. Aka fara maganar kunu. Batho, wanda da yake faɗo mata kicin yana cewa, “Matarmu, me kika ɓoye mini a tukunya?” ya koma gaishe ta daga nesa. Matarsa Regina ta hana yaranta shan ruwa a randar Milka.

Milka ta kai 'ya'yanta gwaji ba tare da ta gaya wa kowa ba. Nathan ya tsira. Hellen, wadda ke koyarwa a Zonkwa, shekarunta ba su kai talatin ba, fuskarta sumul, aka ce nata ya hau sosai, aka ɗora ta a kan magani. Saura Batho, mai tabo a ido biyu.

A rumfarta ta ba ni wannan labarin, tana auna mini acca.

“Malam, kai da ka yi karatu, gaya mini,” ta ce. “Mace da ake cewa ta ci mutum biyu, da wane baki za ta je ta ce wa na ukun saura kai?”

Na ce bari in gwada. Na sami Batho a wurin lodi, yana jefa buhunan citta a bayan mota shi da yaransa na aiki. Na kawo maganar gwajin jini a hankali. Ya ɗaga rigarsa ya buga cikinsa, haƙarƙari a waje.

“Malam, duba nan. Ina kitsen? Ko a kunne na ɓoye shi?” Masu lodi suka fashe da dariya. Sai ya dube ni, dariyar ta ɗauke. “Wa ya aiko ka?”

Bai jira amsata ba. Ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Da kaka ta yi, aka fara haƙar citta, Milka ta ga abin da ya hana ta barci. Tsakanin rafi da gidan Kazah akwai hawa, a tsakiyarsa akwai bishiyar ɗorawa. Ta ga Batho ya taso daga rafi, ya kai gindin ɗorawar ya tsaya, ya ciro waya yana dubawa, hannunsa na hagu a sake. Washegari ma haka. Ta san tsayuwar nan.

Ta je ta sami Regina a bayan gida tana fere citta. Ta durƙusa kusa da ita ta ce, “Maman Jacinta, don Allah ki kai mijinki asibiti. Abin da ya ɗauki Dickson yana jikinsa. In aka bari, zai ɗauke shi.” Regina ta ajiye wuƙar, ta kwashe yaranta ta shige ɗaki. Kafin rana ta faɗi, maganar da ke yawo a unguwa ita ce Milka ta ce saura Batho.

Aka kira taron gida ranar Lahadi bayan sujada. Mahaifiyata ta ce in je in zauna, ko ba zan ce komai ba, don a san matar tana da mutane. An jera benci a tsakar gida. Maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya. A kan kujerar roba a tsakiya Gwaggo Magdalene ke zaune, ƙanwar tsoho Kazah, wadda ta haura tamanin, ita ce babba a gidan yanzu. Milka na kan tabarma ita kaɗai, har yanzu da zanen Zumunta a jikinta. Kowa ya san abin da ake shirin yankewa: ta tattara ta koma Samaru, ta bar ɗakin mijinta da gonarsa.

Wani dattijo ya buɗe da addu'a, gajera. Sai Batho ya miƙe.

“Gwaggo, ni ban zo da dogon zance ba. Matar nan ta je ta gaya wa matata cewa saura ni. A tambaye ta, wa ya ba ta jerin sunayen?”

“Maman Hellen, kin faɗa?” in ji Gwaggo.

“Na ce a kai shi asibiti, Gwaggo.”

“Kin ce zai mutu ko ba ki ce ba?” Regina ta jefo daga gefen mata.

“Na ce in aka bari.”

Guna-guni ya tashi. Wata ta ce da Jju, “Kun ji ko.” Milka ta jira har aka lafa, sannan ta juya ta fuskanci Batho, abin da ba ta yi ba tun ranar jana'iza.

“Baban Jacinta, in ka taso daga rafi kana tsayawa a gindin ɗorawa. Kana ciro waya, amma ba kira kake yi ba. Nan ne ke kama ka,” ta dafa tsakiyar ƙirjinta, “kamar an ɗora maka dutsen niƙa. Yana bin hannun hagu, wani lokaci har muƙamuƙi. In ka huta ya sake ka. Kana shan farin magani, ba ya ji.”

Na ga Regina ta kalli mijinta, na gane ita ma ba ta san da wannan ba.

“Yesu!” wata tsohuwa ta ce. “Ta yaya ta san abin da ke cikin jikin mutum?”

Nan take wuri ya rikice. Wani matashi ya miƙe yana nuna ta da yatsa. Ana cewa ta tona kanta, ana cewa a kira fasto. Batho ya yi kanta yana ihu, jijiyoyin wuyansa a miƙe.

“Ke kika ɗora mini dutsen! Ke! Christopher bai ishe ki ba, Dickson bai ishe ki ba, to ni ba za ki...”

Maganar ta tsaya masa. Ya kai hannu ya kama bakin benci. Ya zauna a hankali kamar mai gudun kada wani abu ya zube, bakinsa a buɗe, gumi na tsattsafo masa a goshi. Hannun hagun ya sauka a kan cinyarsa.

Ba wanda ya motsa. Regina ta ɗora hannu biyu a ka. Ni na laluba makullin mota a aljihu, ina lissafin hanyar Kafanchan da ramukanta. Na dubi Milka. Idonta na kan ƙirjinsa, leɓɓanta na motsi. Kowa a wurin ya san cewa in mutumin nan ya kife daga bencin nan, ba Samaru za ta koma ba, da wuya ta fita ƙofar gidan lafiya.

“Kada a taɓa shi,” ta ce a hankali. “A bar shi ya zauna. A kwance masa maɓallin wuya.”

Regina ce ta kwance. Muka jira. Wata akuya ta ratsa tsakar gidan ba wanda ya kore ta. Can sai numfashinsa ya fara daidaita, ya share goshi da bayan hannu, bai ɗaga kai ba.

“Na sani ne don Dickson ma a gindin ɗorawar nan yake tsayawa,” in ji Milka. “Shi takalmi yake gyarawa. Na ɗauka ulsa ce, na yi ta dama masa kunu. Likita ta ce tambarin nan da kuke tafa wa, kitse ne da ya cika jini har ya fito waje. Hellen ma tana da shi a jini. Kullum sai ta sha ƙwaya. Ita ma ni na ɗora mata?”

“Tambarin gida ne kike zagi?” wani ya ce.

“Gwaggo,” Milka ta juya ga tsohuwar, “ke kika san gidan nan tun kafin a haife mu. Cikin waɗanda tambarin bai fito musu ba, wa ya faɗi a tsaye?”

Gwaggo Magdalene ta kai yatsa ta shafa fatar idonta, wadda ba ta da komai sai tamoji. Tun da ta haura talatin ake mata tsiya cewa a hanyar kasuwa aka tsinto ta. Ta fara kiran sunaye, a hankali, tana kallon ƙasa: yayyenta, 'ya'yan baffanta, wata ƙanwa da ta yi aure a Madakiya. Masu tambari, ɗaya bayan ɗaya suka faɗi, a gona, a hanya, a bakin rijiya. Sannan ta ɗaga kai ta dubi bencin maza, inda dattawa biyu masu furfura ke zaune, fatar idonsu wasai.

“Mu da aka tsinto, ga mu nan muna cin tuwo,” ta ce. “Kuma lokacin da Kazah ya faɗi, yarinyar nan ko Fadan Kaje ba ta taɓa takawa ba. Shi ma yana tsayawa a hawan nan. Taba yake cewa zai shaƙa.”

Ta nuna Batho da sandarta. “Kai, za ka je a ɗebi jininka.”

Na ce ga mota, mu tafi yanzu, abin da muka gani ba na jira ba ne. Batho ya girgiza kai. Ba zai je asibitin da matar nan ta sani ba, kuma ba zai shiga motar wanda ta aiko ba. Akwai wani asibiti da abokin cinikinsa Alhaji Jamiluddeen ke zuwa, can zai je, ranar Alhamis, in ya kai kaya Kafanchan. Aka yi, aka yi, ya kafe. Gwaggo ta ce to maganar Milka ta tsaya sai an ga abin da jini ya ce. Ba a kore ta ba, ba a kuma wanke ta ba.

Kwanakin nan Milka ba ta fita kasuwa ba. Mahaifiyata ta ce Milka na zaune a bakin ƙofarta daga inda ake hango hawan rafi. Batho bai daina lodi ba. Duk buhun da ya ɗaga, tana gani.

Ranar Alhamis ya je, Regina da ɗaya daga cikin dattawan suka raka shi. Likitan can bai taɓa jin sunan Milka ba. Ya duba idon, ya shafa agarar, ya tambayi yadda uba da yayye suka mutu. Sakamakon jini ya fito irin na Dickson: mai liƙewar ya yi sama ƙwarai, mai kwashewar ya yi ƙasa. Ya ba shi ƙwayar kullum, da wata ƙarama da zai sa ƙarƙashin harshe in ƙirjin ya kama, ya hana shi ɗaukar buhu, ya tura shi Jos a duba zuciyar. A Jos aka ce jijiyoyin sun riga sun ƙuntace, magani zai rage haɗarin amma ba zai mayar da shi yaro ba.

Batho yana nan da ransa lokacin da nake wannan rubutu. Yana tsaye a wurin lodi yana ba da umarni, yana ƙorafin cewa an mayar da shi akawu. Bai ba Milka haƙuri ba, a gaban mutane dai. Cikin 'ya'yan gidan wasu sun je gwaji, wasu sun ce Allah ne mai tsaro. Akwai kuma masu cewa har yanzu ita ta ɗaura abin, tsoro ne ya sa ta kwance. A Kirsimetin da ya wuce, tabon ya fara fitowa a idon babban ɗan Christopher. Ba wanda ya tafa. Gwaggo ce ta kira shi gefe, suka daɗe suna magana.

Na koma rumfar Milka bayan sabuwar shekara. Na tambaye ta abin da za ta yi da a ce Batho ya faɗi kafin Alhamis ɗin nan. Ta ce tun daren taron ta ɗaure kayanta a buhu ta jingine bayan ƙofa, ta kuma gaya wa Nathan hanyar da za su bi ta bayan gari.

“To yanzu kin kwance kayan?” na ce.

Ta ɗaure bakin ledar accar, ta miƙo mini.

“Ban kwance duka ba, Malam. Babbar tukunyar miya dai na ciro. Shekaranjiya Baban Jacinta ya tsaya a ƙofar kicin, bai shigo ba, ya ce, ‘Matarmu, akwai saura?’ Na zuba masa karkashi, ban sa manja da yawa ba. Ya ce miyar ba daɗi, ya cinye.”